Gorar Ruwan Urdun ta Goggo Lami

Daren Lahadi, Mairuwa

Yau na cika wa Goggo Lami alkawari. Tun da ta ji za mu ziyara Isra'ila, ni da Baba Tanko dattijon ikilisiyarmu, ta ce ba ta son wata tsaraba sai ruwan Kogin Urdun, ta gan shi da idonta kafin Ubangiji ya kira ta.

A kogin kowannenmu ya cika gora ɗaya. Ranar dawowa na ce wa Baba ya naɗe gorarsa da riga, ya tura ta cikin babbar jaka, don ba a barin mutum ya shiga jirgi da ruwa a hannu. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Malam Audu, ruwan da aka yi wa Yesu baftisma a ciki zan haɗa da takalma? Karatun naka ke nan?"

Haka ya rungume ta kamar jikansa. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta tare shi. Baba ya yi mata wa'azi da Hausa, ta saurara cikin ladabi, sannan ta karɓe gorar. Tawa kuwa, da ta kwana tsakanin takalma da safa, ta iso lafiya.

Bayan sujada muka je wurin Goggo. Ta ɗaga gorar, ta daɗe tana kallo.

"Ashe shi ma da laka, kamar na dam ɗinmu!"

Sai hawaye, ta yi ta sa mini albarka. Baba ya gyara murya ya ce, "Ai tare muka ɗebo miki, Lami."

Na ce ƙwarai kuwa, Baba. Har yanzu dariya ta hana ni barci.