Abin da Mahaifinka Bai Karanta Mini Ba

Alabama, 3 ga Yuli, 1984

Zuwa ga ɗana Lemuel,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a can Detroit. Ni ma lafiya lau, sai ciwon bayan nan da ka sani.

Kada ka yi mamakin wannan rubutu mai kama da sawun kaza. Hannuna ne. Tun da mahaifinka ya tafi ɗaukaka bara, kamar yadda muke faɗa, na rasa mai karanta mini ko da takardar magani, sai na shiga ajin manya da ake yi a coci ran Talata.

Gidan ya yi shiru, Lemuel. Ka tuna bakin mahaifinka ba ya rabuwa da kalmar nan? Ruwa ya sauka a gonar auduga, ɗaukaka! Ya kamo tarwaɗa, ɗaukaka! Har ranar da guduma ta sami yatsansa ita ya faɗa, don Fasto Odom yana tsaye. Balle ran Juma'a a filin makaranta, in ka rungumi ƙwallo kana ratsa ƙarti. Maƙwabciyarmu Arzelia takan ce masa, "Cleophus, rufe mana baki, nan fili ne ba coci ba!" Shi kuwa ya ce, "Ke dai ci gyaɗarki, Ubangiji ma wasan nan yake kallo."

Lahadi ta biyu ga Agusta ce ranar Komowa Gida, da 'yan garin nan mazauna birni ke dawowa coci. Shekara shida ba ka halarce ta ba. Ko a jana'iza can baya ka tsaya, ka tafi tun ba a zuba abinci ba. Na ga kana ɗingishi, na ce ko buguwar wasa ce. Me na yi maka? Ka zo.

Ka huta lafiya.
Mahaifiyarka, Ozella Tubbs

17 ga Yuli

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, musamman gwiwarka. I, gwiwarka. Yanzu na sani.

Malamarmu ta ce mu riƙa gwada karatu da abin da ke gida, sai na sauko da gwangwanin biskit da mahaifinka yake tara wasiƙunka. Kwana biyu na yi a kan guda ɗaya, ina bi da yatsa. Ka rubuta cewa gwiwarka ta lalace, ƙungiyar ta sallame ka, kana tuƙa bas. A ƙasa ka ce, "Mama, in dawo?"

Na tuna ranar da ta zo. Ya zauna a baranda, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon takardar. Na ce, "Malam, bacci kake ko karatu?" Ya ce, "Yaro na ta cin wasa, yana gaishe ki." Ni kuma don murna na ce ya rubuta maka kada ka kuskura ka dawo sai da kofi a hannu, garin nan kaf ɗaukakarka yake jira. Ya rubuta. Amsar da ka samu ke nan daga uwarka.

Na yi fushi da shi har na juya hotonsa ya fuskanci bango. Jiya na mayar. Mutumin da ya sayar da alfadarinsa ya saya maka takalmin wasa, bakinsa ne ya kasa ɗaukar maganar. Ban ce ya kyauta ba.

Na kuma gane abin da ke hana ka ranar Komowa Gida: yadda ake sa duk wanda ya zo ya miƙe a coci ya faɗi sunansa, da ɗan wane ne, da abin da yake yi a birni. Bar mini wannan.

Amsar tambayarka ta makara da shekara shida. Ka dawo.

Taka har kullum,
Mama

2 ga Agusta

Lemuel ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ran Lahadi na miƙe a coci. Na ce ɗana ba ya wasa, direban bas ne, duk abin da na yi ta faɗa muku ba haka ba ne. Sai Arzelia ta ajiye mafici ta ce, "Ozella, ai ƙanena ya shiga motarsa tun shekara huɗu da suka wuce. Mun zaci kin sani kina rufa wa yaro asiri ne. Kuma ya ce har jaka Lemuel ya ɗaukar masa." Tsohon dattijon coci Purifoy, wanda ba ya ji sosai, ya tambaya ko aikin da fansho. Aka ce da shi. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To, ɗaukaka!" Coci ya ɗauka gaba ɗaya.

Katinka ya iso yau. Na tsaya a bakin akwatin wasiƙa cikin rana na karanta: "Juma'a, motar ƙarfe huɗu." Ban san lokacin da kalmar mahaifinka ta fito daga bakina ba, har karen Arzelia ya yi haushi.

Kada ka ci abincin tasha, zan soya kaza. A mota ka zauna a kujerar da ke gefen hanyar wucewa don ka miƙe ƙafar. Arzelia ta ce in kawo katin ta duba mini ko na karanta daidai. Na hana ta.

Sai na gan ka.
Mahaifiyarka, Ozella