Goma Sha Huɗun da Na Saya

Zuwa ga Yariela, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar mangwaron da nake gudu gare ta idan ranar garinmu San Miguelito ta tsaya a tsakar ka. Zuwa ga wadda jin sunanta kaɗai ke sa almakashi ya tsaya cak a hannuna.

Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba, shi ya sa na aiko takarda, don ita ba ta da idon da za ta sunkuyar. Ni ne dai Abdiel ɗinki, mai askin nan da bakinsa ba ya rufuwa. Yau mako biyar ke nan rabon da in ji muryarki. Mako biyar, Yariela! Ina kiran waya tana ta ƙara har ta gaji, kuma wallahi ban ga laifinki ba. Da ni ne ke, ko lambar mutum irina ba zan bari a wayata ba.

Kin tuna watannin annobar korona da aka raba mana mako gida biyu, ranar mata daban, ranar maza daban? Litinin, Laraba da Juma'a naku, Talata, Alhamis da Asabar namu, Lahadi kuwa kowa a kulle. Katin shaidarki ya ƙare da bakwai, don haka awa biyunki na safe ne, nawa ya ƙare da uku, sai da la'asar nake fita. Gari ɗaya, unguwa ɗaya, amma doka ta mai da mu kamar rana da wata. Duk da haka wa ya isa ya hana ni ganinki? Kikan biyo ta ƙasan benenmu a hanyarki ta zuwa kanti, ni kuma in zura bokiti da igiya daga hawa na uku, ki saka mini kwanon romon kaza da doya, ki ɗaga kai ki ce, "Ja a hankali, sarkin gaggawa, za ka zubar!" Takunkumi ya rufe miki baki, amma idanunki suna dariya, kuma wannan dariyar ce abincina har zuwa jibi. Wayyo, ina ma a mai da mu can! Na yarda a sake kulle ni shekara guda in dai za ki sake tsayawa a ƙarƙashin barandar nan.

Ranar Talata kuma ni ke zuwa gidanku, almakashi da mataji a ɓoye cikin jakar cefane, in yi wa Baba aski a baranda muna leƙen motar 'yan sanda. Mahaifinki Don Evaristo, mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa bas a garin nan bai taɓa buge ko kare ba. Ranar ƙarshe da na aske shi, ya kama hannuna ya ce, "Kai Abdiel, in yadda kake lallaɓa kunnen nan nawa haka za ka lallaɓa 'yata, na ba ka. Amma ka rage surutu, mai aski ba gidan rediyo ba ne." Na yi dariya. Ashe wasiyya yake bar mini, ni kuwa na ɗauka barkwanci ne.

Bari in gaya miki abin da ba ki gani ba, ba don in wanke kaina ba, sai don kada ki ɗauka shaiɗan ne ya shige ni rana ɗaya. A hankali na lalace. Da aka ba mu izinin buɗe shaguna, doka ta ce mutum ɗaya a kujera, amma kin san mazan unguwarmu. Ƙarfe shida na yamma sai su yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallon talabijin ɗina, ana karanta alƙaluman ranar: waɗanda suka kamu, waɗanda ke kwance, waɗanda suka tafi. Nan gardama take ɓarkewa. Rigoberto mai tasi ya ce, "Ƙarya ce, rage su suke yi don masu manyan kantuna su buɗe!" Wani ya ce ƙara su ake yi don a ci gaba da tsare mu. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke zana hawa da saukar abin a littafinsa, kullum yana cewa, "Ku jira mako biyu bayan kowace buɗewa, sannan ku yi magana." Ba mai sauraronsa. Ni kuwa muryata ta fi ta kowa, kuma abu ɗaya nake so, lamba ta sauka, a sake mu ranar Lahadi, a buɗe bakin teku, a bar coci ta ɗaura aure, in kai ki gida. Muka mai da mutuwar mutane kamar sakamakon ƙwallo. Jiya ashirin da biyu, yau sha tara, kai, mun ci!

Sai aka kwantar da Baba a asibiti. Sai ranar Litinin kika kira ni, ba ki ce komai ba sai sunana, na gane. Mutum biyar aka yarda su shiga maƙabarta, na tsaya a bayan ƙofar ƙarfe na yi kuka, kuma na rantse miki da Allah kukan nan na gaskiya ne.

Washegari Talata, ƙarfe shida, matar talabijin ta ce waɗanda suka rasu goma sha huɗu ne, mafi ƙaranci cikin watanni. Shagon ya kaure da ihu. Kuma na tafa, Yariela. Da hannuwan nan biyu da suka san kowane lungu na kan mahaifinki, na tafa! Ina so in ce miki ban tuna yana cikinsu ba. Da zan iya faɗin haka, da barci ya dawo mini. Amma na tuna, ana cikin tafin na tuna, kuma ban daina ba.

Kin san al'adarmu. In mutum ya rasu, mukan sayi shekarunsa a tikitin caca, ko ranar da ya tafi, ko lambar kabarinsa, mu ce mamaci yakan waiwayi waɗanda yake ƙauna. Gwaggonki ma ta sayi shekarun Baba, saba'in da ɗaya, ba wanda ya ɗaga mata gira. Ni sarkin wayo sai na ce kowa zai sayi shekarunsa, bari in sayi abin da ba wanda ya yi tunani. Na je teburin Doña Minerva mai sayar da tikiti a bakin tashar jirgin ƙasa, na ce ta ba ni sha huɗu. Ta ce, "Mafarki ka yi, ɗana, ko ranar haihuwar budurwar ce?" Na ce, "Ta talabijin ce, ta jiya." Ta dube ni ta saman takunkuminta, ta yago mini, ta miƙo. Shekara goma ina saye a wurinta, ba ta taɓa sallamata ba tare da ta ce Allah ya ba da sa'a ba sai ran nan. Ko wannan bai farkar da ni ba.

Sauran kin sani, amma dole in rubuta da hannuna, don in na tsallake shi, wasiƙar nan duka ƙarya ce. Lahadin farko da aka bar mutane fita, ƙarfe ɗaya na rana, sha huɗu ta fito a cacar. Na haura matakalar tudunku da gudu kamar an biyo ni. Kuna rana ta bakwai a addu'ar kwana tara, kujeru a wawware, kyandir da kofin ruwa a gaban hotonsa, Mama Dalys da carbi a hannu. Na faɗo cikinku ina kaɗa takarda ina cewa, "Baba ya tuna da mu! Ya aiko mana da aurenmu!" Mama, baiwar Allah, har fuskarta ta ɗan saki, ta ce, "Saba'in da ɗayan ce ta fito, ɗana?" Na ce a'a, sha huɗu. Ta ce, "Sha huɗun me?" Kaico! A nan ya kamata harshena ya shanye. Amma na amsa mata, dalla-dalla, har da murmushi.

Ba ki ɗaga murya ba. Da kin mare ni, da kin jefe ni da kofin nan, da ya fi mini sauƙi. Kika miƙe kika buɗe mini ƙofa, kika ce, "To saura gida goma sha uku, Abdiel. Je ka yi musu albishir su ma."

Tun daga ranar maganar nan take bina. Ina aski tana kunnena, ina cin abinci tana maƙogwarona. Kunya nake ji, masoyiyata, irin wadda ban san akwai ta ba. Ina jin kunyar madubin shagona, kuma kin san yini nake a gabansa. Yanzu lambar ta fara hawa kamar yadda tsohon malamin ya faɗa, ana ta muhawara a rediyo da bakin titi ko za a sake rufe mu kafin Kirsimeti, wasu na zagin masu biki, wasu na zagin gwamnati. Ni in ƙarfe shida ta yi, ajiye almakashi nake in tsaya shiru har a gama. Rigoberto yana tsokanata, wai wa ya yanke wa rediyon unguwa waya? Rannan na gaya masa dalili, bai sake tsokanata ba.

Na san ba aikena kika yi da gaske ba, korata kika yi. Amma na tafi. Duk Litinin da shago ke rufe, ina bin maƙabartu da allunan sanarwa na coci-coci, ina neman waɗanda suka rasu rana ɗaya da Baba. Rigoberto ke kai ni, kuma ba ya ko kunna waƙa. Ba ni da tabbacin su ne ainihin waɗanda aka ƙirga, don an ce wani lokacin lissafin kan makara. Shida na samo. Akwai Otilia, mai sayar da kifi. Akwai Joel, mai gadi, ɗan shekara ashirin da tara, wanda aka ɗaura wa kabarinsa hular ƙwallo. A kabarin wani dattijo mai suna Fermín na tarar da matarsa tana cire ciyawa, ta zuba mini kofi daga filas ɗinta, ta ce, "A ina ka san maigidana?" Yariela, me zan ce? In ce mata na taɓa sayen sa a teburin Doña Minerva? Na ce ban san shi ba, na zo ne kawai. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa shan abu mai ɗaci irin kofin nan ba.

Ga tikitin nan cikin ambulan. Ban kai shi ko'ina ba, ban karɓi komai ba, ba kuma zan karɓa ba. Ki ƙona shi, ki yaga shi, ki ba Mama ta yi yadda ta ga dama.

Ba na roƙon ki ce kin yafe. Wane ni! Abu ɗaya nake roƙo, ya hasken safiyata, ya wadda na saba jan ƙaunarta da igiya daga hawa na uku: ranar Lahadi bayan an tashi daga coci zan kasance a gaban kabarinsa. In kin zo, ba sai kin yi mini magana ba, ki tsaya nesa yadda doka ta ce, ko ma fiye. Ki dai bar ni in faɗa masa a gabanki abin da ya kamata in faɗa ran nan maimakon tafi. In ba ki zo ba, zan dawo Lahadi ta gaba, da wadda ke bayanta, kuma ba zan daina neman sauran bakwai ɗin ba.

Na rubuta sunayen a takarda, nasa ne a sama. Evaristo Quintero Ríos, direban bas, mai son a bar masa gashin gaba da ɗan tsawo, mai ƙaramin tabo a bayan kunnen hagu wanda ba wanda ya san da shi sai Mama da ni. Na san shi har haka, Yariela, kuma na tafa.

Naki ne ni, ko kin karɓa ko kin mayar, ba kuma zan zama na wata ba har ranar da ni ma za a karanto ni cikin lamba da ƙarfe shida.

Abdiel