Tarina a Kaset Ɗin Binta

Kankiya, daren Laraba

Yau na je Kusada gaida Gwaggo, na iske 'yarta Binta tana jin waƙoƙin mutumin Jamaikan nan mai sanyin murya, irin kaset ɗin da saurayina Sani ya ba ni, ya ce duk kalmar so da ke ciki tawa ce.

"Yaya, saurayina ya ɗaukar mini," in ji ta.

Ana waƙa ta uku na ji tari. Nawa ne! Ranar da ya haɗa rikodata da tashi baki da baki, wai wa ƙanensa zai ɗauka, har hararata ya yi in yi shiru. Na kuwa toshe baki.

Na dawo na kunna nawa don in tsane shi. Wallahi daɗinsa yana nan. Abin da ke ƙona ni ke nan.