Matsarmamar Duna

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya ƙara maka haske a makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma sai dai ka miƙo mini ita ka ce in karanta, tunda boko bai taɓa burge ka ba. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma kai ne mai ita.

Gida lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, tana kuma nan da faɗanta. Matata Hajara ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, muna kiransa Abba. Damina ta yi kyau a garinmu Zakka, gero ya cika rumbu har an ɗora wani a kan rufin zaure. Kuɗin fetur ya shigo ƙasa, kowa sai rediyo da kwanon rufi. Ni ma an ba ni babur a wurin aiki, ina zagaya rugage tsakanin Safana da Batsari ina yi wa shanu allura. Kai da ka ce malamin dabbobi ba zai taɓa sanin saniya kamar mai ita ba, har yanzu ban ƙaryata ka ba.

Maganar Duna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna shi ai, baƙin karenka da ya hana kura sakat a garkenmu shekara bakwai. Ka tuna yadda ya fara ƙin abinci, yana amai, yana kwanciya a gindin turke yana nishi, har farin idonsa ya koma rawaya. Ya yi kusan mako biyu a haka kafin ya mutu. Ka ja shi bayan gari ka farke cikinsa don ka ga abin da ya kashe shi. Ka tarar da matsarmamarsa ta kumbura kamar ƙwan agwagwa, ruwan cikinta ya yi baƙi ya daskare. Ka ce lafiyayyar matsarmama ba ta haka, wannan aikin guba ne.

Ni ne na ce na ga Baffa Sale, ƙanenka, yana jefa masa wani abu ta kan darni. Ban yi ƙarya ba, na gani. Amma ba wanda ya tambaye ni. Na dawo hutu daga makaranta ne, ina ji da kaina, ina son ka ga ni ma ina da ido. Ka'idarka kuwa kowa ya san ta: ba a ba karen gadi abinci sai daga hannun mai shi, don karen da ya saba da hannu biyu ba ya haushi. Ka kira Baffa a gaban mutane. Ya amsa cewa ya jefa, ya rantse ba guba ba ce, ka tashi ka shige gida bai ƙarasa ba. Kafin kaka ya kora shanunsa ya koma Darini. Shekara goma sha ɗaya ba ku ƙara haɗa akushi ba.

Watan jiya an tura mu ƙaro ilimi. Wata rana aka kawo mushen karen wani injiniyan hanya, likitan da ke koyar da mu ya buɗe shi a gabanmu. Baba, matsarmamar Duna na gani, ba ko tantama. Ya zuƙi ruwanta da allura, ya shafa a gilashi, ya sa masa launi, ya ce kowa ya leƙa a madubin da ke girmama abu. Na ga wasu ƙananan abubuwa birjik, kamar tsakin gero. Ya ce ƙwayoyin cuta ne, daga hanji suke haurawa su shiga matsarmama, ta kumbura, ruwan ya yi kauri ya kasa fita, sai shawara ta bayyana a ido. Ya ce karnuka na yin wannan ciwo ba tare da kowa ya ba su komai ba. Na tambaye shi ko guba na yin haka, ya ce yawancin gubar da mutane ke sa wa kare ba ta jiran mako biyu. Na fita waje na zauna a kan dakali.

Ran Juma'ar da ta wuce na je Darini. Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, sai da na faɗi sunana ya gane ni. Na durƙusa na gaya masa komai, har da cewa bakina ne ya jawo. Ya saurare ni har na gama. Daga baya ya ce shi ya fara lura da idon Duna, tun kafin mu. Ya tono saiwar rawaya, wadda ake jiƙa wa mai shawara, ya daka ya cusa a cikin tsokar nama ya jefa masa a ɓoye, don ya san ba za ka yarda wani hannu ya ciyar da karenka ba. Na ce me ya hana shi faɗa? Ya ce ƙane ba ya bin yayansa da magana bayan ya juya baya.

Magani ya ba shi, Baba. Me zai faru da ka tsaya ka ji ƙarshen zancensa? Me zai faru da na kama bakina? Ina jin haushinka a kan wannan, ban taɓa faɗa maka ba, amma haushin kaina ya fi yawa. Ka yafe mini.

Ya ce ranar jana'izarka ya zo, ya tsaya a sahun baya, ya juya kafin a kai ka, don bai sani ba ko za ka so hannunsa a makararka. Har yau bai san inda kake kwance ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, in nuna masa. Jibi da hantsi zan goyo shi a babur in kawo maka shi. Wannan karon sai ya ƙarasa maganarsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haɗa ku a inda ba a tashi a bar zance.

Ɗanka mai neman gafara,
Lawal