Neman Yaya Dahab a Darna

Darna, 6 ga Rajab

Zuwa ga mahaifiyata Ashta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma da sauƙi. Ina gaida ƙanwata Hawaye, wadda na san ita za ta karanta miki wannan, da duk maƙwabtanmu na Abeshe.

Na iso lafiya bayan kwana goma sha ɗaya a bayan mota ta hanyar Kufra. Na samu aikin birkila a hannun wani ɗan garin, Usta Faraj. Gidaje muke ginawa a kan tudu, don waɗanda ambaliya ta raba da nasu. Inna, tsakiyar garin nan babu ita. Inda aka ce da unguwanni ne, yanzu fili ne fetal har bakin teku, sai manyan motoci suna juye ƙasa. Na daina tambayar mutane ina iyali, don duk wanda na tambaya sai ya sunkuyar da kai.

Mu takwas ne a ɗaki, kullum makaroni. Akwai wani Bamisire, Shahata, bakinsa ba ya hutawa. Jiya ya ce mini, "Kai Annur, bulon nan surukarka ce da kake ɗaukarsa da kunya? Ɗora mu tafi!" Na ce masa ai ginin gaggawa ga shi can a cikin teku. Babu wanda ya yi dariya. Na ji kunyar bakina.

Ban manta abin da ya kawo ni ba. Wata goma sha shida ke nan rabonmu da muryar Yaya Dahab. Hotonsa yana aljihuna, duk Juma'a ina yawo da shi. Na je ofishin da ake cigiyar waɗanda suka ɓata, sun ɗebi jinina don su gwada da na gawawwakin da ba a gane ba. Sun ce in jira.

Ki ci gaba da addu'a.

Ɗanki,
Annur

Darna, 21 ga Sha'aban

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin? Hawaye, ki zaunar da ita kafin ki ci gaba.

Inna, akwai wanda ya ga Yaya bayan ruwan. Wani mai gidan burodi ne ɗan Sudan, Dafalla. Na miƙa masa hoton kamar yadda nake miƙa wa kowa, sai ya goge hannu a riga ya ce, "Wannan ai Dahab ne mai yaɓe! Da shi muka yi kwana tara muna ciro mutane daga laka. Kai ƙanensa ne? Wallahi goshin ɗaya." Na zauna a kan buhun fulawa.

Na tambaye shi yanzu ina yake. Ya ce yana jin yana leburanci a gabashin gari, inda ake ginin gada. Na ce Yaya da hannunsa na yaɓe, shi ne zai koma lebura? Kuma mutum yana da rai ya kasa bugo wa uwarsa waya? Dafalla ya ce, "Je ka ka gan shi, ɗan'uwa. Amma kada ka tafi da faɗa."

Farin ciki nake ko fushi, ban sani ba. Usta Faraj ya ba ni hutun ranar Asabar in je in nemo shi. Shi ma ya rasa 'yan'uwa biyu, ya ce da za a ce masa ɗayansu yana leburanci a bangon duniya da ya tafi a ƙafa.

Ɗanki,
Annur

Darna, 12 ga Ramadan

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da ibada, Allah ya karɓa. Ki gafarce ni da na yi shiru mako uku. Sau biyu ina kiran wayar Hawaye ina kashewa, don abin ya fi ƙarfin bakina.

Na same shi. Yana tura baro cike da yashi, ya rame, gemunsa ya yi fari, shi da bai kai arba'in ba. Na kira sunansa. Ya ajiye baron ya dube ni, bai rungume ni ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya aiko ka?"

Inna, Yaya ya yi aure a nan, bai faɗa mana ba. Sunanta Ikhlas, 'yar Sudan ce mai aikin shara a wata makaranta. Ya ce ya so ne sai ya zo da ita gida ki gan ta da idonki, don ya san waya ba za ta gamsar da ke ba. Sun haifi 'ya, ya sa mata sunanki. Watanta bakwai lokacin ambaliyar. Ɗakinsu yana bakin kwarin da ruwan ya biyo, shi kuma ranar ya kwana a wurin aiki a kan tudu, saboda mai gidan yana gaggawar a gama yaɓe. Da ya sauko, ko layin gidan bai gane ba. Kwana taran da ya yi yana tonon laka, su yake nema. Bai same su ba.

Na ce ya zo mu tafi gida. Ya ce, "In tafi in bar su da wa?" Duk yamma yana zama a bakin teku har a kira magariba. Ya kama hannuna ya ce, "Ka ce wa Inna na mutu, Annur. Uwa ta fi iya haƙurin gawa a kan irin wannan." Na ce masa ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba kuwa zan fara da shi ba.

Na dawo da shi ɗakinmu. Shahata ya ba shi katifarsa, ya koma tabarma, wai dama bayansa ya fi son ƙasa. Usta Faraj ya miƙa masa cokalin yaɓe, Yaya ya riƙe na ɗan lokaci ya mayar. Jiya dai ya sha ruwa tare da mu, ya ci dabino uku.

Ba zan zo salla ba, Inna. Ba zan bar shi ba, ko da za mu shekara nawa. Ki yi wa jikarki da uwarta sadaka, ko ɗan gero ne. In kuma za ki aiko masa da saƙo, don Allah kada ki tambaye shi dalili.

Bai ce in gaishe ki ba. Amma yana zaune kusa da ni tun da na fara rubutun nan, ya san wa nake rubuta wa, bai kuma ce in yaga ba.

Ɗanki mai neman albarkarki,
Annur