Tuwo Ba Man Shanu

Gaya, daren Laraba, 12 ga Maris, 1975

Yau kwana tara ke nan da likita a Kano ya ce kitse ya yi yawa a jinina, in bar man shanu da balangu, in riƙa zuwa gona a ƙafa maimakon a babur. Ni da na tashi ba ko anini, na yi alkawari in na samu, tuwona ba zai rabu da man shanu ba.

Ɗazu da matata Hajiya ta kawo tuwo ba man shanu, na yi mata faɗa, na ce, "Wannan tuwon marayu ne?" Da na leƙa akushinta, nata ma babu ko ɗigo.

Ta ce, "Alhaji, man shanu akwai shi a kasuwa. Kai fa, ina zan samo wani?"

Na koma na cinye nawa tas. Gobe babur zai huta.