Ayoyon Bakin Kwata

Sokode, daren Laraba

Hannuwana shuɗi har gwiwa, bayana kamar an daka, amma raina fes.

Tun da yajin aiki ya tare hanyar Lome, hodar rini da soda suka yanke mana. Dole na koma wa ganyen baba da toka, irin rinin kakana. Sai dai jinkiri! Alhaji mai kai zannuwa Dapaong har ya yi mita: "Malam Sani, rini kake ko jiran damina?" Da ya ga launin kuwa, ya kwashe duka.

Da la'asar maƙwabciyata Inna Asana ta shigo, ita da ta daina amsa gaisuwata tun da ruwan sodata ya ƙone mata lambu. Ta dire ƙwarya cike da ganyen ayoyo na miya. "Ɗana, a bakin kwatarka ya fito, tun da ka bar soda. Kai wa matarka."

Na ci miyar har da ƙari.

Ɗazu direban kamiyo, babbar motar da ke kawo mana kaya, ya leƙo, wai hanya ta kusa buɗewa, ko ya sayo mini soda? Ciniki zai fi sauri, na sani. Na ce ya bar ta a Lome. Gobe zan mayar wa Inna ƙwaryarta, kuma ina so ta amsa gaisuwata.